Grace Hopper: Malamar lissafin da ta sa kwamfutoci suka ji harshe ɗaya

Duk ma'aikacin da ya taɓa zama a ofishin da aka sauya wa na'urori ya san wahalar da ke biyo baya. Fayil ɗin da ake buɗewa jiya ya ƙi buɗuwa yau, manhajar da aka kashe kuɗi aka rubuta ta ƙi tafiya a sabuwar kwamfuta, a koma cigiyar ɗan kwangilar da ya yi aikin farko. Wannan matsala ta girmi yawancin waɗanda ke kan kujerun aiki a yau. Gwamnatin Amurka ta yi fama da ita tun cikin shekarun 1950, kuma cikin waɗanda suka fi kowa tsayawa wajen magance ta akwai wata malamar lissafi da ta shiga aikin sojan ruwa bayan ta haura shekara 35, ba ta kuma tuɓe kaki na ƙarshe ba sai tana da shekara 79. Sunanta Grace Hopper.

Abu biyu ne suka ɗauke mata yawancin rayuwarta. Na farko, a samar da harshen da mutum zai yi wa kwamfuta umarni da shi ba tare da ya haddace lambobin cikinta ba. Na biyu, a tabbatar ta hanyar gwaji cewa abin da aka rubuta da wannan harshe zai yi aiki iri ɗaya a kan kowace na'ura, ko wane kamfani ne ya ƙera ta.

Tasowa da karatu

An haifi Grace Brewster Murray a birnin New York ranar 9 ga Disamba, 1906, ita ce babba cikin 'ya'ya uku. Mahaifinta, Walter Fletcher Murray, dillalin inshora ne. Mahaifiyarta, Mary Campbell Van Horne, mace ce mai sha'awar lissafi. Iyayen sun tsaya a kan cewa 'ya'yansu mata za su yi karatu daidai da ɗansu namiji. Tana da shekara bakwai ta kwance agogon ƙararrawa don ta ga abin da ke motsa shi, da ta kasa mayar da shi sai ta ɗauko wani, har ta kwance guda bakwai kafin mahaifiyarta ta ankara ta taƙaita mata guda ɗaya.

Tana da shekara 16 ta nemi shiga Kwalejin Vassar, wadda a lokacin ta mata ce zalla, aka ƙi ɗaukarta saboda makinta na harshen Latin ya gaza. Ta sake nema shekarar da ta biyo baya aka ɗauke ta, ta kammala digirin farko a lissafi da kimiyyar fiziks a 1928. Daga nan ta wuce Jami'ar Yale, inda ta sami digiri na biyu a 1930 da digirin digirgir a lissafi a 1934, a ƙarƙashin Farfesa Øystein Ore. A 1930 ta auri Vincent Foster Hopper, malamin adabi a Jami'ar New York. Auren ya mutu a 1945, ba su haihu ba, amma ta ci gaba da amfani da sunansa har ƙarshen rayuwarta.

Tun 1931 take koyarwa a Vassar. Ɗalibanta sun san ta da wata ɗabi'a da ba su saba gani a ajin lissafi ba: takan sa su rubuta bayanin yadda suka warware tambaya cikin cikakkun jimloli, ta kuma gyara musu rubutun kamar malamar harshe. A ganinta, wanda bai iya bayyana lissafinsa ga wani ba, karatunsa bai kammala ba. Wannan ra'ayi ne ya bi ta har cikin ɗakunan kwamfuta.

Yaƙi ya kai ta gaban na'ura

Bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor a ranar 7 ga Disamba, 1941, Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, Hopper kuma ta nemi shiga rundunar sojan ruwa. Aka ce mata shekarunta sun yi yawa, nauyin jikinta ya gaza abin da doka ta tanada da kimanin kilo bakwai, sannan aikinta na koyar da lissafi ya fi amfani ga ƙasa. Ba ta haƙura ba. Ta karɓi hutu daga Vassar, ta sami sassaucin dokar nauyi, aka rantsar da ita cikin sojojin ruwa na ko-ta-kwana a Disamban 1943. Ta yi horo a Kwalejin Smith da ke jihar Massachusetts, ta fito ta ɗaya a ajinta a 1944 da muƙamin ƙaramar Laftanar.

An tura ta Jami'ar Harvard, wurin Kwamanda Howard Aiken, wanda ke kula da wata na'urar lissafi da kamfanin IBM ya ƙera, wadda aka fi sani da Mark I. Tsawonta ya kai mita 16, nauyinta kusan tan biyar, tana da sassa fiye da 750,000 da waya mai tsawon kilomita 800. Da ƙananan makunnai masu motsi take aiki, tana karɓar umarni daga zaren takarda mai huji-huji. Takan yi tarawa uku a daƙiƙa ɗaya, ninkawa kuwa sai ta ci daƙiƙa shida. Wayar salular da ta fi kowace arha a kasuwa yau ta fi ta sauri nesa ba kusa ba, amma a lokacin tana yin aikin da zai ɗauki ɗaki guda na masu lissafi watanni. Dare da rana take aiki, tana fitar da jadawalin harba manyan bindigogi da sauran lissafin yaƙi, har da wanda masanin nan John von Neumann ya kawo a 1944 game da aikin bam ɗin nukiliya.

Hopper ta zama ɗaya daga cikin mutum uku na farko da suka riƙa tsara wa na'urar umarni, tare da Richard Bloch da Robert Campbell. Aiken ya ɗora mata rubuta littafin jagoran aiki da na'urar, wanda ya fito a 1946 da shafuka fiye da 500. Yana cikin littattafan farko a duniya da suka bayyana yadda ake tsara wa kwamfuta aiki mataki-mataki.

A Harvard ɗin ne kuma aka yi abin da ya fi yawo a bakin mutane game da ita. Ranar 9 ga Satumba, 1947, na'urar Mark II ta sami tangarɗa, da aka bincika sai aka tarar da wani ƙwaro mai fukafukai ya maƙale a cikin wani makunni. Ma'aikatan suka ciro shi suka manna a littafin rajistar aiki, wanda yanzu ke ajiye a gidan tarihi na Smithsonian. Injiniyoyi sun daɗe suna kiran kuskuren na'ura da kalmar Ingilishi mai nufin ƙwaro, tun zamanin Thomas Edison, don haka ba ita ta ƙirƙiri kalmar ba. Yawan ba da labarin da ta riƙa yi ne ya sa aka jingina shi gare ta.

Tafinta da mai fassara

Da yaƙi ya ƙare ta nemi a mayar da ita cikakkiyar sojan ruwa, aka ƙi saboda shekarunta. Vassar ta yi mata tayin kujerar farfesa, ta ƙi, ta zauna a Harvard har 1949. A shekarar ta koma wani ƙaramin kamfani a Filadelfiya na J. Presper Eckert da John Mauchly, waɗanda suka ƙera ENIAC, suna kuma kan ƙera kwamfutar kasuwanci mai suna UNIVAC. Lokaci ne mai wuya gare ta da kamfanin. Babban mai zuba musu jari ya rasu a hatsarin jirgin sama a Oktoban 1949, kuɗi suka ƙare, har kamfanin Remington Rand ya saye su a 1950. Kurt Beyer, wanda ya rubuta tarihinta a 2009, ya nuna cewa a wannan tsakanin ta yi fama da matsalar shan barasa, sai da abokan aikinta suka tsaya mata kafin ta farfaɗo.

An miƙa UNIVAC ta farko ga Hukumar Ƙidaya ta Amurka a 1951. Tana da kwalaben lantarki kimanin 5,000, ƙwaƙwalwarta kuma ba ta ɗaukar fiye da kalma 1,000. A nan Hopper ta hango inda gizo ke saƙa. Za a iya ƙera kwamfutoci da yawa, amma masu iya rubuta musu umarni da lambobi 'yan ƙalilan ne, kuma ba za a iya mayar da kowane akanta masanin lissafi ba.

Hanya biyu ce ake bi a sa kwamfuta ta fahimci rubutun mutum. Ta farko kamar tafinta ce a gaban alƙali: mai magana ya faɗi jimla, tafinta ya juya ta nan take, a wuce zuwa ta gaba. Manhajar da ke aiki haka takan karanta umarni ɗaya, ta aiwatar, ta ɗauko na gaba. Mauchly ya kawo shawarar irin wannan tun 1949 da sunan Short Code, aka kuma gina shi. Yana da sauƙin amfani, sai dai yana da nawa ƙwarai, domin kowace jimla sai an sake juya ta duk lokacin da aka zo kanta. An ƙiyasta cewa aikin da aka rubuta da shi yakan ɗauki lokaci ninki 50 na wanda aka rubuta kai tsaye da lambobin na'ura.

Hanya ta biyu kamar mai fassara ce a ofis: a ba shi takarda gaba ɗaya, ya fassara ta sau ɗaya, daga nan a riƙa aiki da fassarar. Wannan Hopper ta bi. Ta lura tun a Harvard cewa masu tsara umarni sukan ajiye guntayen da suka riga suka gwada a littattafansu, suna kwafa daga na juna, kuma wajen kwafar ne kuskure ke shiga. Sai ta tattara waɗannan guntaye a kan tef na maganaɗisu, ta ba kowanne lamba, ta rubuta manhajar da za ta ɗauko su da kanta ta jera su ta daidaita adireshinsu. Ta kira ta A-0, ta kuma gabatar da bayaninta a wani taron masana a 1952. Daga irin wannan aiki ne aka sami abin da masana ke kira kwamfaila, wato manhaja mai harhaɗawa. Da aka inganta ta zuwa A-2 a 1953, sai aka raba wa masu amfani da UNIVAC har da asalin rubutunta, aka nemi su dawo da gyare-gyaren da suka yi.

Mutane da yawa ba su gamsu ba. Wasu na ganin kwamfuta lissafi kawai ta iya. Ƙwararrun masu tsara umarni kuwa suna ganin babu na'urar da za ta yi aiki mai tsabta kamar hannunsu, wasunsu kuma suna tsoron abincinsu. A 1953 Hopper ta ƙara gaba, ta kawo shawarar a riƙa rubuta ayyukan ofis, irin su biyan albashi da lissafin kaya, da kalmomin yau da kullum: karanta, kwatanta, rubuta, tsaya. Shugabanninta suka ɗauki shekaru suna jan ƙafa. Don ta nuna musu cewa kalma alama ce kawai ga na'ura, ta sa aka gwada umarni ɗaya da kalmomin Ingilishi, aka sake shi da na Faransanci da na Jamusanci. A ƙarshe aka amince, aka gina harshen FLOW-MATIC, wanda ya isa hannun masu amfani da UNIVAC a 1958.

Taron Pentagon da haihuwar COBOL

Zuwa 1959 wata sabuwar matsala ta kunno kai. Kowane kamfani yana da na'urarsa da harshensa, abin da aka rubuta wa kwamfutar IBM ba ya tafiya a kan UNIVAC ko ta RCA. Ma'aikatar Tsaron Amurka tana da kwamfutoci 225, ta yi odar wasu 175, ta kuma kashe fiye da dala miliyan 200 wajen rubuta musu manhajoji. Duk ranar da ta sauya mai kawo mata kaya, sai a fara rubutu daga tushe. Wanda ya sayi na'urar kamfani ɗaya ya zama kamar ɗan haya da ba shi da ikon tashi.

A Afrilun 1959, Mary Hawes ta kamfanin Burroughs ta jawo aka yi wani ƙaramin taro a Jami'ar Pennsylvania, Hopper na cikin mahalarta. Suka nemi Ma'aikatar Tsaro ta jagoranci samar da harshe guda na ayyukan ofis. Charles Phillips na ma'aikatar ya karɓi shawarar, ya kira taro a Pentagon ranakun 28 da 29 ga Mayu, inda aka haɗa masu ƙera na'urori da hukumomin gwamnati da masu amfani da kwamfuta. Daga nan aka kafa kwamitin da ake kira CODASYL. Joseph Wegstein na Hukumar Ma'auni ta Ƙasa ya shugabanci ƙaramin kwamitin da aka ba aikin gaggawa, Hopper da Bob Bemer na IBM suka zama masu ba da shawara kan fasaha. A watan Satumba aka zaɓi sunan COBOL, a Janairun 1960 aka amince da daftarin, Maɗaba'ar Gwamnati ta buga shi.

Ana yawan kiran Hopper uwar COBOL, amma gaskiyar ta fi haka faɗi. Mutum shida ne suka zauna suka rubuta daftarin, biyu daga IBM, biyu daga RCA, biyu daga Sylvania, kuma ba ta cikinsu. Jean Sammet, ɗaya daga cikin shidan, ta sha nanata hakan har ƙarshen rayuwarta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ba a jayayya a kai shi ne FLOW-MATIC ne ya fi kowane harshe tasiri a kan daftarin, domin shi ne aka riga aka gani yana aiki a ofisoshi, kuma Hopper ce ta shafe shekaru tana share fagen ra'ayin.

Wata dabara da aka sa a COBOL ta cancanci a tsaya a kanta. An raba kowace manhaja kashi huɗu: na gabatarwa, na muhalli, na bayanai, da na matakan aiki. Duk abin da ya shafi takamaiman na'ura, kamar irin tef ɗinta da na'urar buga takardunta, a kashin muhalli ake tara shi. Idan za a ƙaura zuwa wata kwamfuta, wannan kashi ne ya kamata a taɓa, sauran su zauna yadda suke.

Da yawa sun ɗauka aikin ba zai kai labari ba. Howard Bromberg na RCA, ɗaya daga cikin shidan, ya gaji da jayayyar kwamiti har ya sayi dutsen kabari ya sa aka sassaƙa sunan COBOL a kai, ya aika wa Phillips a Pentagon. Amma gani ya kori ji. Ranakun 6 da 7 ga Disamba, 1960, aka ɗauki manhaja ɗaya, da 'yan gyare-gyare kaɗan, aka tafiyar da ita a kan UNIVAC II da kuma RCA 501, na'urori biyu na kamfanoni biyu masu gogayya da juna, ta yi aiki a kan kowacce. Ma'aikatar Tsaro ta sanar da cewa ba za ta sayi ko ta yi hayar kwamfutar ayyukan ofis da ba ta jin COBOL ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Da yake ita ce babbar mai saye, kamfanoni suka bi.

Kowa da mudunsa

A ƙarshen 1966 Hopper ta cika shekara 60, doka ta sa ta yi ritaya daga sojojin ko-ta-kwana da muƙamin Kwamanda. Ba a yi shekara ba aka neme ta. A Agustan 1967 rundunar sojan ruwa ta dawo da ita aikin wata shida, wanda ya zama na shekaru masu yawa. Dalili kuwa shi ne alƙawarin 1960 ya soma warwarewa.

Kowane kamfani yana cewa na'urarsa na jin COBOL, amma kowa da irin nasa, kamar yadda za a ce mudu a kasuwanni biyu alhali na wannan ya fi na wancan zurfi. Wani ya bar wasu umarnin bai gina ba. Wani ya ƙara nasa na musamman masu daɗin amfani, wanda duk ya saba da su kuma ya ɗaure kansa. Inda daftarin bai fito fili ba, kowa ya fassara yadda ya fi masa sauƙi. Su kansu na'urorin sun bambanta tun daga tushe. IBM System/360 tana aiki da kalma mai ɗigon bayani 32, UNIVAC 1108 mai 36, CDC 6600 mai 60. Kowacce tana da babbar manhajar da ke tafiyar da ita: OS/360 a IBM, EXEC 8 a UNIVAC, MCP a Burroughs, kowacce da yadda take ajiye fayil. Hatta jeranta haruffa ya sha bamban. A tsarin EBCDIC na IBM haruffa ke gaba da lambobi, a tsarin ASCII lambobi ke gaba. Saboda haka jerin ma'aikata ɗaya zai iya fitowa da tsari biyu a kan na'urori biyu, ba tare da ko ɗaya ta nuna alamar kuskure ba.

A 1968 aka fitar da ƙa'idar COBOL ta ƙasa, amma Hopper ta san takarda ba ta tilasta wa kowa. Daga 1967 zuwa 1977 ta shugabanci sashen harsunan kwamfuta na rundunar, da 'yan ma'aikata kaɗan, yawancinsu matasa. Abin da suka gina shi ne jarrabawa ga ita manhajar fassarar kanta. Suka rubuta tarin ƙananan manhajoji, kowacce tana gwada doka guda daga cikin ƙa'idar, an kuma san amsar da ya kamata ta fito tun kafin a fara. Me zai faru idan sakamakon tarawa ya fi gurbin da aka tanadar masa girma? Ta ina ake cike ragowar kwabo idan an raba kuɗi? Shin na'urar na ɗaukar lamba mai gurbi 18 kamar yadda ƙa'ida ta ce? Za a ɗora waɗannan a kan na'urar kamfani, a bar ta ta fassara ta aiwatar, a fitar da rahoton inda ta ci da inda ta faɗi. Suka kuma gina manhajar da ke juya tsofaffin rubuce-rubucen da suka kauce zuwa daidaitaccen COBOL.

Ƙarfin wannan jarrabawa ya fito ne daga haɗa ta da sayayya. Kamfanin da ke son kwangilar rundunar sai ya kawo kayansa an gwada. Wanzami ba ya son jarfa, kamfanonin ba su so ba da farko, amma daga baya suka riƙa karɓar gwaje-gwajen suna gwada kayansu tun a gida kafin su kawo. Aka faɗaɗa tsarin zuwa harshen FORTRAN, ya kuma wuce rundunar sojan ruwa ya shiga sayayyar gwamnatin tarayya, har a shekarun 1980 kula da shi ya koma hannun Hukumar Ma'auni ta Ƙasa, wadda yanzu ake kira NIST. Sakamakonsa shi ne ire-iren COBOL na manyan kamfanoni suka matso kusa da juna, hukumomi suka sami ikon sauya mai kawo musu kaya ba tare da sun zubar da aikin shekaru ba.

Wannan hanya ce masu gina harsunan kwamfuta ke bi har yau. Harshen Python, wanda ya fito a 1991, da manhajar tafinta yake aiki, kuma dole ya yi aiki iri ɗaya a kan Windows da Linux da macOS. Idan aka yi wa tafintan gyara, akwai na'urori da ke sake gina shi a kan waɗannan manyan manhajoji, su tafiyar da dubban gwaje-gwaje, su nuna inda ya faɗi. Kayan aikin sun canza, amma tushen bai canza ba: rubutacciyar ƙa'ida, amsar da aka sani tun farko, da gwajin da ba ruwansa da sunan kamfani.

Waya mai tsawon santimita 30

An sake yi mata ritaya a 1971, aka sake dawo da ita a 1972. A 1973 Admiral Elmo Zumwalt ya ƙara mata girma zuwa Kyaftin. A waɗannan shekaru ta riƙa jan hankalin Ma'aikatar Tsaro da ta daina dogaro da ƙatuwar kwamfuta guda a tsakiya, ta koma ga ƙanana masu yawa da aka haɗa su da juna. Takan buga misali da manoman da, waɗanda idan sa ɗaya ya kasa jan gungume ba sa zama jiran ya ƙara girma, sai su ɗaura na biyu.

Ta zama mai yawon lacca a jami'o'i da barikoki da ofisoshi. Takan zo da guntayen waya masu tsawon kimanin santimita 30 ta raba wa masu sauraro. Wannan ne iyakar nisan da haske ke ci a kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. Da shi take nuna wa manyan hafsoshi dalilin da ya sa saƙo ta tauraron ɗan'adam ke jinkiri, da dalilin da ya sa sai kwamfuta ta ƙanƙance kafin ta yi sauri. Ga masu tsara manhaja kuma takan nuna naɗin waya mai tsawon mita 300, wato kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, don su ga girman abin da suke ɓarnatarwa. A ofishinta akwai agogon bango da ke juyawa ta hagu, yana kuma ba da lokaci daidai. Ta rataye shi ne domin duk wanda ya zo mata da hujjar cewa haka aka saba yi tun da can, hujjar da ta fi ƙi a duk rayuwarta ta aiki.

A 1969 wata ƙungiyar masu sarrafa bayanai ta ƙirƙiri lambar Gwarzon Namijin Shekara a kimiyyar kwamfuta, wadda ta fara karɓa kuwa mace ce, Hopper. A 1973 Ƙungiyar Kwamfuta ta Birtaniya ta ba ta babbar lambarta ta girmamawa, ita ce mace ta farko kuma mutumin Amurka na farko da ya same ta. Bayan an nuna ta a wani shirin talabijin a 1983, ɗan majalisa Philip Crane ya gabatar da ƙudurin a ƙara mata girma, Shugaba Ronald Reagan ya naɗa ta Kwamado a Disamban shekarar. A 1985 aka sauya sunan muƙamin zuwa Riya Admiral.

Ta yi ritaya ta ƙarshe ranar 14 ga Agusta, 1986, a wani biki da aka yi a kan tsohon jirgin ruwan yaƙi USS Constitution a Boston. A ranar babu hafsan da ke bakin aiki a rundunar da ya kai ta shekaru. Ba ta zauna ba, kamfanin Digital Equipment Corporation ya ɗauke ta babbar mai ba da shawara, ta ci gaba da lacca. A 1991 aka ba ta Lambar Fasaha ta Ƙasa. Ta rasu cikin barcinta ranar 1 ga Janairu, 1992, a Arlington da ke jihar Virginia, tana da shekara 85, aka binne ta a maƙabartar sojoji ta Arlington.

Abin da ta bari

COBOL ya daɗe fiye da yadda masu rubuta shi suka zata. Bankuna da kamfanonin inshora da hukumomin haraji a ƙasashe da dama suna tafiyar da manyan ayyukansu da shi har yanzu. Daɗewar tana da nata tsada. Tsofaffin manhajoji da yawa sun riƙa rubuta shekara da lamba biyu don tsimin wuri, abin da ya jawo gagarumin aikin gyara gabanin shekarar 2000. A Afrilun 2020, lokacin annobar korona, Gwamnan jihar New Jersey Phil Murphy ya fito yana neman masu iya COBOL, saboda tsarin biyan tallafin marasa aikin yi na jihar ya kasa ɗaukar yawan masu nema. Masu sukar harshen suna cewa ya cika surutu, kuma burin a ce manaja zai karanta manhaja ya gane ta bai cika yadda aka so ba.

Sunanta kuwa ya bazu. Rundunar sojan ruwa ta sa wa jirgin yaƙi USS Hopper, wanda ya fara aiki a 1997. Tun 1994 ake gudanar da babban taron mata masana kwamfuta da sunanta. A 2016 Shugaba Barack Obama ya ba ta Lambar 'Yanci ta Shugaban Ƙasa bayan rasuwarta, a 2017 kuma Jami'ar Yale ta sauya sunan ɗaya daga cikin kwalejojinta zuwa nata. Kamfanin Google ya sa sunanta a wayar intanet ta ƙarƙashin teku da ta haɗa New York da Ingila da Sifaniya.

Ga mai aikin gwamnati, sashen tarihinta da ya fi kusa da teburinsa shi ne wanda aka fi mantawa da shi, wato shekaru goman da ta yi a wani ƙaramin ofis a Pentagon tana rubuta gwaje-gwaje. Ba ta da ikon umartar IBM ko Burroughs su yi komai. Abin da ke hannunta shi ne ƙa'ida a rubuce, da jarrabawar da kowa zai iya maimaitawa, da sharaɗi ɗaya a takardar kwangila. Da waɗannan ukun hukumar da ke biyan kuɗi ta daina karɓar maganar mai sayarwa a matsayin shaida, ta koma duba rahoton gwaji kafin ta sa hannu.